Asabar Ɗin da Na Hana Ta Hawa Dutse

'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce. Ba na kiran sunanta, haka na taso na ga ana yi wa ɗan fari a gidanmu, ko da yake a Makka aka haife ni kuma a nan na haife ta. "Ke" nake ce mata, ko "'yar nan". Mahaifinta ya rasu tana sakandare, muka ci gaba da riƙe gidan ni da Inna, mahaifiyata, wadda iyayenta suka zo da ita aikin Hajji tana yarinya daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ba ta sake komawa ba. Sana'ata girki. Lokacin Hajji ina kicin ɗin tantuna a Mina da Arfa, sauran watanni kuwa ina tuƙa tuwo da miyar kuka ga 'yan Umara da suka gaji da shinkafar bukhari.

Ta yi 'yan shekaru tana aiki a wani asibiti a nan, sai aka zaɓe ta ta je ƙaro karatu a wata ƙasa ta Turai. Abin da na ji wa tsoro shi ne abinci, da kaɗaici, da irin mutanen da za ta zauna da su. An ce mini ƙasar duwatsu ce, ban ɗauke shi komai ba. Mu da gidanmu yake manne a jikin dutse, kullum muna hawa da sauka da kaya a ka, wa zai tsorata mu da dutse?

Sanyinta na farko ya ba ta wuya. Takan kira ni tana kuka, ta ce rana ba ta daɗewa, ta shiga aiki da duhu ta fito da duhu, babu mai ce mata sannu a kan hanya. Har na fara tunanin in ce ta dawo. Sai wata abokiyar aikinta ta ja ta a jiki, 'yar ƙasar, ta girme ta da kamar shekara biyar, doguwa, mai yawan dariya. Ita ta saya mata takalmin kirki, ta nuna mata inda ake samun naman halal, ta kai ta gidan mahaifiyarta cin abinci. Kuma ita ta fara kai ta dutse.

Wata Lahadi jawwal ɗina, wato wayar hannu, ya yi ƙara, na ɗauka, na ga fari fat ta ko'ina, sama shuɗiya, ga fuskar 'yata a tsakiya hanci ya yi ja, tana dariya irin wadda rabona da ji tun kafin rasuwar ubanta. Ƙawar tata ta leƙo, ta ɗaga hannu, ta yi mana sallama da Larabcin da aka koya mata a ranar. Inna ta karɓi wayar ta kawo ta dab da ido.

"Wannan ƙasa ba a shuka komai a cikinta?" in ji ta.

"Sitti, dusar ƙanƙara ce. In bazara ta zo duk ciyawa ce a nan," in ji 'yata, wadda Sitti take ce wa kakarta irin na mutanen Makka.

"To Allah ya kyauta. Ki rufe kunnenki."

Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na yi wa yarinyar nan addu'ar alheri, don ta mayar mini da 'yata mutum.

A sanyi na biyu ne na gane abin ya wuce yadda na zata. Muna magana tana ɗakinta, sai na hango kaya a shimfiɗe a kan gado: wani ƙaramin shebur, da sanda mai naɗewa kamar ta tanti, da wata na'ura mai igiya wadda ba ta kai tafin hannu ba. Na ce shebur ɗin me ye, gona kika samu? Ba ta iya yi mini ƙarya, wannan halin ubanta ne. Ta ce yanzu ba wurin wasan zamiya da kowa ke zuwa suke tsayawa ba, inda ake gyara hanya ana tsaro. Suna ɗaura katakon zamiya a ƙafa su hau da kansu, su shiga can cikin duwatsu inda babu hanya babu kowa. Na'urar kowa yana rataya tasa a ƙirji, tana aika sigina. Idan ƙanƙara ta binne mutum, da ita ake gano inda yake, a soka sandar a taɓo shi, a haƙa da shebur.

"Ta binne mutum," na ce.

"Idan, Ummi. Idan."

Hausarta ba ta da ƙarfi, kamar ta yawancin sa'o'inta, in magana ta yi nauyi sai ta koma Larabci. Ta faɗi sunan abin da Larabci, Inna da ke gefe tana jan carbi ta ce a fassara mata. Muka yi ta laluben kalma. 'Yar ta ce ƙanƙarar da ke jikin gangare ce take ɓallewa gaba ɗaya ta gangaro. Inna ta ajiye carbin.

"Ruftawa ke nan," in ji ta. "A garinmu ramin da ake ɗibar ƙasar gini ya taɓa rufta wa wani kawuna. Sama da ƙarfi, ƙasa a rarake. An tono shi da hannu, amma an makara."

'Yar ta ce wallahi Sitti ta fi ta iya faɗa, haka abin yake. Ta yi mana bayani a hankali, rabi Hausa rabi Larabci. Dusar ƙanƙara ba abu ɗaya ba ce, hawa-hawa take. Kowace zuba tana kwanciya a kan wadda ta riga ta, kuma kowace da halinta. Idan aka yi kwanaki sama a washe ana tsananin sanyi, ta saman takan koma tsaba-tsaba kamar sukari, ba ta kama juna. Sai sabuwa ta zubo a kanta, iska ta kwaso wata ta danne, ta zama ɓawo mai tauri. Daga sama sai ka ga wuri sumul, ka taka ka ji ƙarfi, alhali ɓawon nan a kan sukari yake zaune. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsage shi.

"Ki barbaɗa sukari a kan tebur, ki ɗora tire, ki ɗan karkata teburin," in ji ta. "Za ki gani."

Na ce ba zan ɓarnatar da sukarina ba. Amma da ta kashe waya na shiga kicin na gwada a kan katakon yanka albasa. Tiren ya zauna, ya zauna, ina ɗagawa a hankali, sai kawai ya tafi gaba ɗaya ya faɗi ƙasa da ƙara. Babu wani gargaɗi. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Na yi faɗa, na yi lallashi, ban ci nasara ba. Ta ce ba wauta suke yi ba, ƙawarta ta tashi a cikin duwatsun nan, ta yi kwas a kan abin, kuma ita ma ta sa ta ta yi. Suna haƙa rami su duba hawa-hawan kafin su hau. Suna auna tsayuwar gangare. Suna binne jaka da na'ura a ciki su yi gasar nemowa. Kuma kullum da yamma masana sukan fitar da rahoto a kan yadda ƙanƙarar take, da matakin haɗari daga ɗaya zuwa biyar, da zanen da'ira mai nuna wace fuskar dutse ce ta fi haɗari, gabas ko arewa, kuma daga wane tsayi. Ta saka mini shi a jawwal, ta nuna mini inda zan danna ya koma Larabci. Muka yi yarjejeniya: huɗu da biyar babu fita. Uku, sai gangare mai sauƙi kawai, kuma ta faɗa mini inda za su da lokacin dawowa.

Haka na zama mai karanta rahoton ƙanƙara, ni da ban taɓa ganin ta da idona ba sai wadda ake fasawa a zuba a ruwan alhazai. Bayan sallar Asuba in na haɗa shayi sai in buɗe. Fassarar wayar wani lokaci shirme ce, amma a hankali na gane kan abin. Na san iskar kudu maso yamma tana jibge ƙanƙara a fuskar arewa maso gabas. Na san ranar farko da gari ya washe bayan zuba ita ce mai jan mutane. Na san mataki na uku ba tsaka-tsaki ba ne kamar yadda lambar take nunawa, domin a huɗu kowa yana zama gida, a uku ne mutum yake cewa bari dai in gwada. Matan da muke girki tare suka samu abin tsokana. In na shigo sai wata ta ce, "Hajiya, yau ƙanƙara lafiya?" In ce biyu ne, alhamdulillahi, mu yi dariya mu ɗora tukunya.

Makon da abin ya faru, na daɗe ina bin sawunsa. Tun farkon sanyin aka yi kusan mako biyu babu zuba, sama a washe, kuma rahoton yana ta ambaton wannan rufin mai kama da sukari. Ranar Laraba da Alhamis aka yi zuba mai yawa da iska. Mu ma nan an yi ruwa a makon, irin namu na sanyi mai zuwa da ƙarfi, ya gangaro da tsakuwa da duwatsu ya zube su a matakalar unguwa, har sai da maza suka fito da shebur. Raina dama ba a kwance yake ba. Daga baya mutane sun yi ta cewa zuciyar uwa ce ta gani, wasu har suna tambaya ko mafarki na yi. Ban yi mafarki ba. Rahoto na karanta, tsoro ya kama ni, shi ke nan.

Ranar Juma'a bayan Magariba sabon rahoto ya fito. Mataki na uku. Amma a ƙarƙashinsa an rubuta cewa mutum ɗaya zai iya tayar da ita, har ma daga nesa, yana tsaye a wuri mai sauƙi ta ɓalle a samansa. An ce gobe rana za ta fito. Na kira ta. Na same ta tana cusa kaya a jaka.

"Kin ga rahoto?"

"Na gani, Ummi. Uku ne. Mun canja wuri ma saboda shi, za mu bi ta cikin itatuwa, gangaren kwance yake."

"An ce daga nesa."

"Na karanta. Mun yi magana a kai."

"Ba za ki je ba."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Mun yi alkawari da ke. Huɗu da biyar ne babu fita."

"Na warware."

"Ummi, mu huɗu ne, an riga an shirya. Ɗaya sabo ne, bai daɗe da farawa ba. In na janye ba daidai ba ne."

Ta ci gaba da kawo hujja, kuma hujjojinta ba na banza ba ne. Ta fi ni sanin abin nesa ba kusa ba. Na ga ina neman rasa maganar, sai na ɗauko abin da ban taɓa ɗaukowa ba tun da na haife ta.

"In kika taka dutsen nan gobe, ban yafe miki ba."

"A'uzubillahi!" in ji Inna daga kan darduma. "Ke, wace irin magana ce wannan?"

'Yar ta kalle ni ta cikin wayar, kallo mai tsawo. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Hadir, Ummi," ta ce da Larabci, wato ta ji ta bi, ta kashe.

Ranar Asabar ina da girkin wasu 'yan Umara, mutum kusan talatin. Na yi ta aiki ina duba waya, babu saƙo. Na ce fushi take, za ta huce. Bayan La'asar ina kwashe tuwo wayar ta yi ƙara. Na goge hannu na ɗauka. Tana tsaye a wani dogon baranda na asibiti, ba da kayan aiki ba, da rigar gida da mayafi a karkace. Bakinta yana motsi kafin magana ta fito.

"Ta rufta musu. An kawo ƙawata nan. Ummi, ta mutu."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Alhamdulillahi."

Allah ya sani ba mutuwar yarinyar mutane nake wa godiya ba. Fuskar 'yata nake gani, da rai, a tsaye. Amma abin da na faɗa ke nan, kuma ta ji. Ta runtse ido, hoton ya ɗauke.

Na zauna a ƙasan kicin ɗin, mara a hannuna. Da na dawo gida na faɗa wa Inna duka, har da kalmar. Sai ta ce, "Inna lillahi ake fara cewa. Ita ma wata ce ta haife ta." Ba ta ƙara ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Makonni suka shuɗe ba ta ɗaukar kirana. Saƙo kawai take turowa, kullum da safe, kalma biyu: lafiya lau. Da Inna takan yi magana, gajeriya, in ba na nan. Na rubuta mata dogayen saƙonni na goge. Me zan ce? Ina ganin na yi daidai, ina kuma jin kunyar kaina, duka biyun a lokaci ɗaya, kuma babu wanda ya kori ɗaya. A wurin aiki mata suna taya ni murna, suna cewa Allah ya tsare, biyayya ta yi mata rana. In amsa da amin, in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Wadda ta saba tsokanata da tambayar ƙanƙara ta daina.

Ta zo hutu gab da azumi. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta sumbaci kan Inna, ta raba tsaraba. Kwana huɗu muna zaune kamar baƙi a gida ɗaya. Tana wanke-wanke, tana raka Inna Harami a keken turawa, tana ce mini "na'am" da "to". A rana ta biyar da hantsi na hau soro shanya, sai ga ta ta biyo ni da sauran kayan a bokiti. Muka kama shanya. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kin san wa ya fi kowa saurin nemo jaka a cikinmu?"

Na ce ban sani ba.

"Ni. Ita da kanta take faɗa. Tana cewa hannun 'yan jinya ba ya rawa."

Sai ta ba ni labarin, karo na farko. Sun tafi su uku. Sun hau ta cikin itatuwa kamar yadda aka tsara, ba su kauce ba. A wajen saukowa ne hanyar ta bi ta ƙarƙashin wani gangare mai tsayi, wuri ne buɗaɗɗe, gajere, wanda suka sha wucewa. Suka ce za su tsallaka ɗaya bayan ɗaya, yadda ake koyarwa. Ƙawar ta fara. Tana tsakiya suka ji wani sauti a ƙarƙashin ƙafafunsu, kamar an saki numfashi, sai ɓawon ya tsage can sama, nesa da inda kowa ya taka. Ya kwashe ta. Gefensa ya bugi na biyun ya maka shi da itace, ƙafarsa ta karye. Sabon nan ne kaɗai ya rage a tsaye. Ya yi abin da aka koya masa, amma jikinsa na ɓari, ya wuce ta sau biyu kafin ya gane siginar, kuma ƙanƙarar da ta rufta in ta tsaya tauri take yi kamar siminti. Shi kaɗai yake haƙa. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso, shi ya kai ga fuskarta, amma lokaci ya tafi.

"A wannan abin mintuna ne, Ummi. Da ina nan, mu biyu ne a kan shebur. Da ni ce da na'urar."

"Ko kuma da ke ce a ƙasa," na ce.

"Ko kuma da ni ce a ƙasa." Ta matse wani zane har ruwa ya daina ɗiga. "Na sani. Kullum ina juya shi. Wata rana in ga na tono ta, wata rana in ga muna kwance tare. Wata rana in ga na ce mata kada mu bi ta nan, ta ji maganata. Babu wanda zai faɗa mini wanne ne."

Na ce ai ƙawar ta yi ganganci, ita da ta san abin.

"Kada ki ce haka." A nan ne muryarta ta tashi. "Ba ta yi ganganci ba. Rahoton da kika karanta ita ma ta karanta, ta fi mu fahimtarsa. Ta canja hanya saboda shi. Masu bincike sun je sun haƙa, suka ce rufin nan yana can ƙasa sosai, a wurin da ta taka ne ƙanƙarar ba ta da kauri har nauyinta ya kai gare shi. Taku kaɗan gefe, da ta wuce lafiya. Ta yi kuskure ɗaya, ƙarami. Ni ma na yi irinsa, ban mutu ba."

Na ajiye abin shanyar. A gidanmu uwa ba ta neman gafarar ɗa, ban taɓa gani ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na ce mata kalmar da na faɗa ranar Asabar, ba haka nake nufi ba. Ta ce ta sani, tun a ranar ta sani, amma ta kasa jin muryata ba tare da ta sake jin kalmar ba. Na ce ta ranar Juma'a kuma, na janye ta. Na yafe mata duniya da lahira, abin da ta yi da wanda ba ta yi ba, kuma ba zan sake ɗaure ta da irin wannan ba. Amma ban ce na yi nadamar hana ta ba, domin ban yi ba, kuma ba ta nemi in ce ba. Ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kuka sosai, rana tana dukanmu, har Inna ta ƙwala kira daga ƙasa tana tambaya ko shanyar ta shekara ce.

Kwana biyu kafin ta koma ta ce mini mahaifiyar ƙawar tana son magana da ni. Ashe duk makonnin nan da ba ta ɗaukar wayata, gidan matar take zuwa bayan aiki, ta yi mata cefane, ta zauna da ita. Na ji tsoro. Na ce me zan ce mata? Inna ta ce in saka mayafi mai kyau in zauna, ta'aziyya ba ta buƙatar wayo.

Muka kira ta a waya. Tsohuwa ce mai farin gashi, gajere, tana zaune a kicin ɗinta, ga taga a bayanta. 'Yata ta zauna kusa da ni tana fassara. Na yi mata ta'aziyya yadda muke yi, na ce Allah ya ba ta haƙuri, na ce 'yarta ta riƙe tawa lokacin da ba ta da kowa, kuma ba zan manta ba. Ta gyaɗa kai. Sai ta yi wata tambaya, 'yar ta juya mini ita.

"Tana tambaya, me kika ce mini a ranar har na zauna."

Na dubi 'yata. Ta ce in faɗa, za ta fassara yadda yake. Na faɗa. Ta daɗe tana yi wa matar bayani, ina jin sai da ta bayyana mata abin da yafewar uwa take nufi a wurinmu. Matar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta yi magana a hankali, tana murza kofin da ke gabanta.

"Ta ce ita ma sun yi waya a ranar Juma'ar. Ta ce mata gobe za a yi rana mai kyau, ki je ki more, ki turo mini hoto." 'Yar ta ci gaba. "Ta ce mijinta ma mutumin dutse ne, a can suka haɗu. Ba ta taɓa hana 'yarta ba, kuma ko ta hana ba za ta ji ba. Ta ce ba ta jin haushinki. Ta ce ta ji daɗi da ɗaya ta rage."

Inna ce ta matso da kujerarta, ta leƙa cikin wayar, ta ce da Hausa, "Sannu, baiwar Allah. Sannu." Ba a fassara wannan ba. Matar ta dube ta, ta ɗora hannu a ƙirji.

Daga nan hirar ta sauka. Ta tambayi miyar nan mai yauƙi da 'yata ta taɓa dafa musu, wadda 'yarta ta ci kwano biyu ita kuwa ta kasa. Muka yi dariya, mu duka, da hawaye a fuska. Ta roƙe ni in bar 'yata ta ci gaba da zuwa wurinta. Na ce ai ta zama tata, ba sai an roƙa ba.

'Yar ta koma. Sanyin da ya biyo baya ba ta hau dutse ba ko sau ɗaya, kuma ba ni na hana ta ba. A na bayansa ta sake yin wani kwas, ta fara fita da wasu masu sa kai da suke haƙa ramuka suna duba ƙanƙara suna aika wa masu rubuta rahoto abin da suka gani. Ta faɗa mini kafin ta fara. Na ce Allah ya tsare, na shiga ɗaki na yi kukana ni kaɗai. Sabon nan da ya yi haƙan shi kaɗai, ta ce ya bar garin, amma takan kira shi lokaci-lokaci, don ya fi kowa buƙatar a ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa.

Da za ta tafi na haɗa wa matar dabino da yaji da turaren wuta. Bayan wata biyu sai ga ƙunshi ya iso ta hannun wata 'yar unguwarmu da ta dawo daga can. Safa ce ta ulu, kauri gare ta, saƙar hannu, ƙafa biyu, ɗaya tawa ɗaya ta Inna. Na ce wa zai sa wannan a Makka? Inna ta karɓe duka biyun. Ta ce dama sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana shiga mata ƙashi, ba wanda ya taɓa kula. Da su take kwana yanzu, har a tsakiyar zafi, kuma ba ta yarda a haɗa su da sauran wanki.